TARIHIN SANIN SASSAN JIKIN ƊAN ADAM A ƘASARMU: DAGA MAHAUTA ZUWA ASIBITIN KOYARWA

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Duk da haka, idan aka tara jama'a aka ce kowa ya ɗora hannu daidai inda hantarsa take, ko ya faɗi aikin da saifa ke yi masa, ba kowa ne zai dace ba, har cikinmu da muka yi boko muke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Mutum ya san ciki da wajen motarsa, ya san ranar da za a canza mata baƙin mai, amma jikin da yake ɗauke da shi tun ranar da aka haife shi ya zame masa baƙo.

Maƙasudin wannan rubutu shi ne bin diddigin yadda mutanen ƙasarmu, wato Daura da sauran garuruwan Karaye da Rogo, da ma ƙasar Hausa baki ɗaya, suka san abin da ke cikin jikinsu. Za mu ga cewa kakanninmu sun san yawancin manyan sassan jiki, sun raɗa musu suna, sun san mazauninsu. Abin da ya zo daga baya shi ne sanin yadda waɗannan sassa suke aiki tare, rukuni rukuni, har ya zama kumburin ƙafa na iya zama saƙo daga zuciya ko daga ƙoda. A kan wannan sani na biyu ne rayukan iyayenmu da ƙannenmu na gida suka rataya a yau.

Makarantar farko: mahauta da ragon layya

Babu shakka mahauci shi ne malamin farko na ilimin sassan jiki a ƙasar Hausa. Kullum yana feɗe dabba, yana ware kayan ciki kashi kashi. Bayan shi sai ragon layya, wanda kowace shekara yake mayar da tsakar gida ajin karatu. Yaro yana riƙe da ƙafar rago yana kallon babansa na ciro zuciya da huhu a manne da maƙogwaro, sai hanta da saifa da tumbi da hanji, sai ƙoda biyu a lulluɓe da kitse can jikin gadon baya. Yana jin ana gargaɗi a yi hankali da matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya, domin in ta fashe ɗacinta zai ɓata nama. Daga nan ne Hausa ta samu wadatar sunaye: ƙwaƙwalwa, laka, ɓargo, haƙarƙari, mafitsara, mahaifa, kaluluwa, guringuntsi da sauransu.

Waɗannan sassa sun shiga maganarmu ta yau da kullum. Muna cewa farin ciki da baƙin ciki da zurfin ciki. Wanda ya firgita sai a ce hantarsa ta kaɗa. Aminai biyu kuwa kamar hanta da jini suke. Akwai mai farin jini, akwai mai ƙarfin zuciya, akwai wanda zuciyarsa ta mutu. Mai lura zai ga cewa Bahaushe ya raba yanayin ransa tsakanin ciki da hanta da jini da zuciya, ya bar ƙwaƙwalwa da ɗan rabo kaɗan. A nan bai bambanta da sauran al'ummu ba, domin shahararren masanin nan na Girka, Aristotle, shi ma a zuciya ya ajiye tunani, ya ɗauki ƙwaƙwalwa a matsayin abin sanyaya jini.

Sai dai makarantar mahauta tana da iyaka ta fuska biyu. Na farko, rago ba mutum ba ne. Tumbin rago da na saniya ɗaki huɗu gare shi saboda tuƙa, na mutum kuwa jaka ɗaya ce tak. Na biyu, abin da mahauci yake gani ya riga ya daina aiki. Wannan ne ya sa kalma ɗaya, wato jijiya, ta haɗe abubuwa uku mabambanta: bututun da jini ke bi, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. A jikin yankakkiyar dabba duk kamarsu ɗaya. Girkawan dā ma da kalma ɗaya suke kiran zaren saƙo da igiyar tsoka. Har gobe idan tsoho ya ce wa likita yana fama da ciwon jijiya, sai an yi ta tambaya kafin a gane wace jijiyar yake nufi.

Wanzami da maɗori da ungozoma

Waɗanda suka taɓa jikin mutum mai rai su ne wanzami da maɗori da ungozoma, kuma kusan dukansu gadon sana'ar suke yi. Wanzami ke yin ƙaho da sakiya da kaciya da cire beli. Ya san inda in aka tsaga jini zai tsaya, da inda ba a kai aska. Maɗori ya san ƙashi ta hanyar lalube, yana bambance karaya da targaɗe da gocewar gaɓa, ya ja ya daidaita, ya ɗaure da karan ɗori. Ungozoma ta san kwanciyar jariri, ta san haɗarin mabiyiya idan ta ƙi faɗowa. Waɗannan bayin Allah su suka riƙe lafiyar garuruwanmu ɗaruruwan shekaru, kuma ya wajaba mu ambace su da mutunci. Amma iliminsu ya tsaya inda ido da yatsa suka tsaya. Abin da ke faruwa bayan haƙarƙari sai dai a yi masa hasashe, a ce sanyi ne ya shiga, ko zafi ne ya yi yawa, ko kuwa a jingina shi ga iska ko sammu.

Malamai da littattafan ɗibbu

Hanya ta biyu da ilimin jiki ya shigo mana ita ce ta littattafan Larabci. Likitocin ƙasashen Musulmi sun gaji rubuce-rubucen Girkawa, musamman na Galen wanda Larabawa ke kira Jalinus, suka fassara su, suka yi ƙari mai yawa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta Al-Ƙanun, littafin da aka yi ƙarnoni ana karantarwa har a jami'o'in Turai. Az-Zahrawi na Andalus ya zana kayan aikin fiɗa a littafinsa. Ginshiƙin wannan ilimi shi ne cewa jiki yana da ruwaye huɗu, jini da majina da ruwan ɗaci rawaya da baƙi, kuma lafiya ita ce daidaituwarsu tsakanin zafi da sanyi da danshi da bushewa. Wannan bayani ya zauna daram a kunnen Bahaushe, domin ya yi daidai da abin da ya saba faɗa game da sanyi da zafi.

Shugabannin jihadin ƙarni na 19 sun ba wannan fanni muhimmanci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basir da tsutsar ciki. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a turo masa likita. Da Clapperton ya komo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo akwai littafin Ibn Sina da Larabci. Wannan ya isa ya nuna mana cewa neman ilimin likita daga duk inda yake tsohuwar al'adar magabatanmu ce.

Yadda duniya ta buɗe jikin mutum

Galen, wanda ya rayu a ƙarni na 2 na Miladiyya, birai da aladu da shanu ya fi feɗewa, saboda haka ya faɗa irin ramin da mahauci ya faɗa, ya ɗora wa mutum wasu siffofin dabba. Ya kuma koyar da cewa hanta ce ke ƙera jini daga abinci, gaɓoɓi su shanye shi, kuma wai jini na ratsa wasu ƙananan ƙofofi daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu. An yi fiye da shekara dubu ana maimaita wannan. Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ne ya ce babu irin waɗannan ƙofofi, jini yana barin ɓangaren dama ya bi ta huhu sannan ya dawo na hagu. A 1543 Vesalius, malami a jami'ar Padua ta Italiya, ya fitar da littafi mai zane-zanen jikin mutum da ya feɗe da hannunsa, ya gyara kurakuran Galen masu yawa. A 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da cewa jini zagaye yake yi, zuciya ce ke tura shi ya je ya dawo. A 1661 Malpighi ya hango ta madubin ƙara girma siraran hanyoyin da suka haɗa jijiyoyin tafiya da na dawowa.

Daga nan sai aka shiga neman hanyar ganin cikin mai rai. A 1816 Laennec na Faransa ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji da likitoci ke ratayawa a wuya. A 1895 Röntgen na Jamus ya gano hoton ƙashi. A 1901 Landsteiner ya gano cewa jinin mutane rukuni rukuni ne, abin da ya sa ƙarin jini ya zama mai yiwuwa ba tare da kashe majiyyaci ba. A 1921 aka ware sinadarin insulin a Toronto ta Kanada. A 1954 aka yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Boston ta Amurka, a 1967 kuma aka yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu.

Zuwan asibiti ƙasar Kano

Turawa sun ci Kano a 1903, amma asibitocinsu na farko don kansu da sojojinsu da ma'aikatansu aka yi. Sai a ƙarshen shekarun 1920 Hukumar En'e ta Kano ta samu asibitin cikin birni, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala. A 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, inda aka riƙa horar da duba-gari, waɗanda dattawanmu ba su manta da yadda suke leƙa randa da masai ba. A 1943 aka buɗe asibitin ido na mishan, a 1959 kuma asibitin ƙashi na Dala. Likita na farko ɗan Arewa shi ne Dokta Barau Dikko, mutumin Wusasa, wanda ya yi karatu a Birmingham. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da aikin likita a 1967, aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, kuma a 2002 aka yi dashen ƙoda na farko a cikinsa.

A karkara irin tamu, wannan ilimi ya iso ne ta ƙofar ɗakin shan magani da ta makarantar firamare. Mu da muka shiga kwalejin horar da malamai a zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, an koya mana darasin kiwon lafiya da wani babban zane na mutum an buɗe masa ƙirji da ciki. Da muka fito muka shiga aji, ba mu sha wahalar koyar da sunaye ba, domin yara sun zo da su daga gida. Wahalar tana wajen fahimtar da su cewa hanta da ƙoda da zuciya ma'aikatan gida ɗaya ne, in ɗaya ya kwanta sauran ma sai sun ji a jikinsu.

Rukunan jiki a taƙaice

Masana sun kasa jiki rukuni 11. Za a iya kwatanta su da tsarin sarauta, inda kowane hakimi yake da gundumarsa da dagatansa, amma duk ƙasa ɗaya suke yi wa aiki.

Rukunin ƙashi shi ne ginshiƙin gini. Baligi yana da ƙashi 206, cikinsu akwai haƙarƙari 24, kuma a cikin ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini. Rukunin tsoka ke motsa ƙasusuwan. Rukunin fata, da gashi da farce, shi ne katangar gari, yana tare ƙwayoyin cuta, yana sanyaya jiki da gumi.

Rukunin jijiyoyin saƙo ya ƙunshi ƙwaƙwalwa da laka da zaren da suka bazu ko'ina. Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86. Ɓangarenta na dama ke juya hagun jiki, na hagu ke juya dama. Shi ya sa idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a gefe ɗaya na kai, sai ɗaya ɓarin jikin ya shanye. Sanƙarau, wanda ya yi mana mummunar ɓarna a 1996, kumburin rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne.

Rukunin zagayawar jini ya ƙunshi zuciya da jijiyoyin jini. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana guda, tana zagaya da jini wajen lita 5. Manoman rani na bakin madatsar ruwa ta Challawa za su fi kowa ganewa: injin ban ruwa ne da bututansa, in bututu ya ƙuntata sai injin ya yi ta wahala har ya gaji. Rukunin numfashi ya taso daga hanci zuwa maƙogwaro zuwa huhu biyu, inda jini ke ɗaukar iska mai amfani ya sauke gurɓatacciya.

Rukunin narkar da abinci ya fara daga baki da haƙora 32, ya bi maƙoshi zuwa tumbi, zuwa ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 6, sannan babban hanji. Hanta, wadda ke ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi, tana tace guba, tana adana abinci, tana yin ruwan ɗacin da matsarmama ke ajiyewa don narkar da maiƙo. Idan wannan ruwa ya kasa samun hanya, ko hanta ta kamu, sai ido ya yi rawaya, mu ce shawara ce. Rukunin fitsari kuwa ƙoda biyu ne da mafitsara da magudanansu. Kowace ƙoda tana da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, su biyun suna tace ruwa wajen lita 180 a kwana, su mayar da kusan duka cikin jini, su fitar da kimanin lita ɗaya da rabi.

Rukunin haihuwa sananne ne. Rukunin garkuwar jiki ya haɗa saifa da kaluluwa da fararen ƙwayoyin jini, su ne dakarun gari, kuma kaluluwar da ke fitowa a hantsa idan an ji ciwo a ƙafa alama ce ta ana gwabza yaƙi. Na ƙarshe shi ne rukunin da kakanninmu ba su da hanyar saninsa, wato 'yan sassan da ke zuba sinadaran saƙo cikin jini. Sun san maƙoƙo, amma ba su san cewa wata tsoka ce a gaban wuya take kumbura saboda ƙarancin sinadarin aidin ba, wanda aka fara sanya shi cikin gishirin Nijeriya a shekarun 1990. Haka nan akwai wata doguwar tsoka kwance a bayan tumbi mai yin insulin, wadda gazawarta ko ƙin jin saƙonta ke kawo ciwon suga.

Inda tsohon sani da sabo suka haɗu

Misalai uku sun isa su nuna amfanin wannan ilimi. Na farko tsargiya. A garuruwa da yawa an daɗe ana ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji a matsayin abin da ba ya da komai, wasu ma suna ganin alamar girma ce. Tun a 1851 wani likita Bajamushe, Bilharz, ya gano a Alƙahira cewa tsutsa ce ke kawo ta. Tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa na ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi, ta zauna a jijiyoyin jinin mafitsara tana zuba ƙwai. In aka bar ta shekara da shekaru tana iya toshe magudanar fitsari ta lalata ƙoda, tana kuma iya jawo ciwon daji na mafitsara. Mu da muke maƙwabtaka da ruwan Kusalla da madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, wannan magana tamu ce, kuma maganin ƙwayoyi ne kaɗan da ake sha.

Na biyu cire beli. An gaji cewa idan ba a cire shi ba zai toshe wa jariri maƙogwaro. Ilimin jiki ya nuna cewa beli halitta ce mai taimakawa wajen haɗiya, kuma yanke shi na iya jawo zubar jini, ko ciwon sandarewar jiki, ko ɗaukar ciwon hanta daga askar da aka yi wa wani aiki da ita.

Na uku, wanda ya fi su darasi, shi ne ciwon zuciyar masu jego. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da ke zuwa asibiti bayan haihuwa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza. Suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. An daɗe ana koyar da haka. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya a Asibitin Malam Aminu Kano, sunan da ba baƙo ba ne a kunnenmu, ya jagoranci bincike a asibitoci da dama na Nijeriya, wanda aka buga sakamakonsa a 2020. An samu cewa cutar ta fi yawa a Arewa maso Yamma, kuma ta fi alaƙa da talauci da rama da rashin karatu da hawan jini na lokacin goyon ciki fiye da al'adun jego. Binciken da ya yi a Kano ya kuma nuna ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jinin yawancin masu cutar. Darasi a nan shi ne ilimin asibiti ma yana gyara kansa, kamar yadda Ibn Nafis ya gyara Galen. Abin da bai canza ba shi ne, mai jegon da ke haki, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, ko ƙafafunta suka kumbura, a garzaya da ita asibiti, kada a tsaya ana ƙara wa tukunyar wanka wuta.

Cututtukan da ba sa sallama

Cututtukan da suka addabi kakanninmu a fili suke. Agana a fata take fitowa, an kuwa bayyana kawar da ita daga duniya a 1980. Kurkunu a ƙafa yake ɓullowa, an tabbatar da Nijeriya ta rabu da shi a 2013. A 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. A wancan zamani karin maganar nan ta jiki magayi tana aiki sosai. Cututtukan da suka maye gurbinsu kuwa a ɓoye suke aiki. Hawan jini yakan yi shekaru yana cin zuciya da ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa mai shi yana noma yana cin kasuwa. Ƙoda takan rasa fiye da rabin ƙarfinta kafin mutum ya ji wani abu. Ciwon hanta nau'in B yakan zauna tun daga yarinta, sai an girma ciki ya kumbura, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na baligan Nijeriya suna ɗauke da shi. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da gubar da ke ƙara wa hanta rauni. A nan jiki ba ya gaya wa mai shi komai sai aski ya zo gaban goshi.

Duk wanda ya taɓa karɓar baƙuncin ɗan'uwa daga gida wanda aka rubuta wa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san abin da nake nufi. Gona takan tafi, shanu su tafi, sau da yawa majiyyacin ma ya bi su. Alhali awon hawan jini na minti biyu, da an yi shi shekaru goma kafin nan, da wataƙila ya tare wannan musiba.

Kammalawa

'Yan'uwa mazauna birni, nauyin da tarihin nan ya ɗora mana ba shi da tsada. Duk wanda zai je gida ya tafi da na'urar awon hawan jini, ya auna iyayensa, in ya ga awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma ya maimaita haka, ya haɗa su da ma'aikacin lafiya, ya kuma fahimtar da su cewa wannan magani ba a daina shi don an ji sauƙi. A rage gishiri da sinadarin ɗanɗano, domin ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ya ishi baligi a yini. A guji shan maganin kashe ciwo barkatai da jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba, domin ƙoda da hanta ke biyan bashin. A kai jariri allurar rigakafin ciwon hanta cikin kwana ɗaya da haihuwa. A yi gwajin jini kafin aure, wanda dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta, don kauce wa amosanin jini da sauran cututtuka. Rigakafi dai ya fi magani.

Akwai kuma bashin harshe. Yaranmu da suka tashi a birni sun haddace sunayen sassan jiki da Turanci, amma da yawansu ba su san saifa ko matsarmama ko laka ba. Daga cikinsu ne za a samu likitoci da ma'aikatan jinya na gobe, kuma tsohuwar da za ta zauna gabansu daga Daura ko Rogo da Hausa za ta faɗi ciwonta. Saboda haka idan Babbar Salla ta zo, a kira yara su tsaya kusa da mai fiɗa, a nuna musu kowane sashe, a faɗa musu sunansa kamar yadda aka faɗa mana, sannan su kuma su bayyana mana aikinsa kamar yadda aka koya musu a makaranta.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, amin.